'Yata ba ta da takardun zama a Amurka, za ta iya shiga jami'a?

Wata baiwar Allah da ke zaune a unguwar Bronx ta birnin New York ce ta aiko da wannan tambaya: "Mun zo Amurka daga Kumasi da bizar ziyara a 2015, lokacin 'yata tana da shekara bakwai. Biza ta ƙare, muka ci gaba da zama. Yanzu tana ajin ƙarshe na sakandare, shekararta 17, kuma tana ƙoƙari ƙwarai. Ƙannenta biyu a nan aka haife su. An gaya mana marar takardu ba ya shiga jami'a, ko ya shiga babu mai taimaka masa da kuɗi. Ni kitso nake yi, mahaifinta yana aikin kai abinci gida-gida a keke. Shi yana ganin a mai da ita gida wajen kakarta. Don Allah mece ce gaskiyar magana?"

Hajiya, Allah ya raya miki ita, ya yi mata albarka. Wanda ya gaya muku haka ya tsinci zance ne a tsakiya, bai ji farkonsa ba, bai tsaya jin ƙarshensa ba. Shekaru ke nan aikina shi ne zama da 'yan ajin ƙarshe na sakandare a garin nan muna cike fom ɗin neman jami'a da na tallafi, kuma duk shekara sai na haɗu da gidan da aka yanke ƙauna saboda irin wannan magana. 'Yarki za ta iya shiga jami'a. A jihar da kuke zaune za ta biya kuɗi daidai da ɗan jiha, kuma jihar tana da tallafin da take bai wa yara irinta. Abin da ba za ta samu ba shi ne kuɗin gwamnatin tarayya. Abin da ya fi damuna kuwa ba kuɗin ba ne, shekarunta ne, kuma zan zo kansa.

Bari in fara da tushen lamarin, don ki iya yi wa maigida bayani. A 1982 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Plyler da Doe, wadda ta taso daga jihar Texas, cewa ba a hana yaro karatun firamare da sakandare a makarantar gwamnati don ba shi da takardu. Shi ya sa shekara goma 'yarki tana zuwa makaranta babu wanda ya tambaye ta biza. Amma hukuncin a ƙofar sakandare ya tsaya. Daga nan sama, babu dokar tarayya da ta hana marar takardu shiga jami'a, babu kuma wadda ta ce dole a karɓe shi. Sai a 1996 Majalisar Dokokin ƙasar ta yi dokar da ta ce jiha ba za ta ba marar takardu rangwamen kuɗin jami'a don kawai yana zaune a cikinta ba, sai in za ta ba kowane Ba'amurke irinsa. Jihohin da ke son taimakon yaran sai suka sauya ma'auni. Maimakon su tambayi inda kake zaune, sai su tambayi inda ka yi sakandare. Texas da Kalifoniya suka fara a 2001, New York ta biyo baya a 2002.

Sharaɗin New York mai sauƙi ne: yaro ya yi aƙalla shekara biyu a sakandaren jihar, ya kammala a nan, ya nemi jami'a cikin shekara biyar da kammalawa, sannan ya sa hannu a takardar rantsuwa cewa zai nemi izinin zama da zarar ya sami hanya. 'Yarki ta cika wannan har da ragi. Bambancin kuɗin kuma ba ƙarami ba ne. A manyan kwalejojin jami'ar birni, wato CUNY, irin su Lehman da ke nan Bronx ko Hunter ko City College, ɗan jiha yana biyan dala 6,930 a shekara. Wanda aka lissafa baƙo, in ya ɗauki cikakken darussan shekara, kuɗinsa ya haura dala 18,000. A kwalejojin shekara biyu kamar Hostos da Bronx Community College, dala 4,800 ce ga ɗan jiha. Jami'o'in jiha na SUNY kuma dala 7,070, ban da kuɗin ɗaki da abinci.

Sai tallafi. A 2019 jihar ta zartar da dokar da aka sa wa sunan marigayi Sanata José Peralta, ɗan majalisar jiha daga Queens wanda ya daɗe yana fafutukar ta, ya rasu bai ga an sa mata hannu ba. Dokar ta buɗe wa marasa takardu tallafin jiha da ake kira TAP, wanda yake kaiwa dala 5,665 a shekara ga iyali masu ƙaramin ƙarfi. Ki auna wannan da dala 4,800 ɗin kwalejin shekara biyu, za ki ga ya rufe kuɗin karatu kaf. Kyauta ce, ba bashi ba, babu ruwa a kanta. Haka nan dokar ta buɗe sikolashif ɗin Excelsior, sai dai shi yana da igiya a wuya: dole ɗalibi ya riƙa kammala cikakken darussan kowace shekara, kuma bayan ya gama ya zauna a jihar gwargwadon shekarun da ya karɓa, in ba haka ba ya juye bashi. Ga yarinyar da ba a san inda rayuwa za ta kai ta ba, a karanta wannan sharaɗi da kyau kafin a sa hannu. Abin da na fi matsa wa ɗalibaina su nema shi ne shirye-shiryen da ke riƙe hannun ɗalibi bayan ya shiga, irin su SEEK da College Discovery da ASAP a CUNY, ko EOP a SUNY. Suna taimakawa da kuɗin littattafai, wasu har da katin jirgin ƙasa, sannan a haɗa yaro da mai ba shi shawara. Yaran da na ga sun bar karatu a tsakiya, yawancinsu ba kuɗin makaranta ya kore su ba. Kuɗin mota ne, da littafi, da hayar gida da ta sa suka ƙara awannin aiki har karatu ya gagara.

Fom ɗin da abokanta za su yi ta magana a kai, FAFSA, na tarayya ne, ba nata ba ne. Ta nan ake samun tallafin Pell, mai kaiwa dala 7,395, da bashin gwamnati, da aikin cikin makaranta da tarayya ke biya. Duk waɗannan a rufe suke gare ta. Nata fom ɗin yana shafin hukumar HESC ta jiha, ƙarƙashin dokar Peralta. Za a tambayi abin da gida ke samu a shekara, don haka in ku da maigida kuna biyan haraji da lambar ITIN, wato lambar da hukumar haraji ke ba wanda ba shi da izinin aiki don ya biya haraji, ku nemo takardun. In ba ku taɓa biya ba, kada ku ƙirƙiri lissafi, ku faɗa wa mai taimakon cike fom gaskiya, akwai yadda ake yi.

Akwai wani rami da yara ke yawan faɗawa. Wata shekara wata yarinya 'yar Yamai ta shigo ofishina riƙe da takarda, idonta ya yi jawur. Wata kwaleji ta karɓe ta, amma ta turo mata lissafin da ya ninka abin da muka yi tsammani kusan sau uku, tare da buƙatar ta kawo shaidar banki da takardun bizar ɗalibi. Da muka koma kan fom ɗin, sai muka ga inda ta zaɓi cewa ita ɗalibar ƙasar waje ce, don a tunaninta tun da ba 'yar ƙasa ba ce, to nan ne gurbinta. Ma'aikacin da ya karɓi takardunta bai tambaye ta komai ba. Mun yi mako uku muna kai da kawo da takardar sakamakon sakandarenta da takardar rantsuwa kafin a gyara. Ɗalibin ƙasar waje shi ne wanda zai zo daga waje da bizar karatu. 'Yarki ɗalibar sakandaren New York ce, haka za ta gabatar da kanta. Gurbin lambar soshiyal kuma, wato lambar Social Security da gwamnatin tarayya ke ba 'yan ƙasa da masu izinin aiki, ta bar shi fayau, ba dole ba ne wajen neman shiga.

Tun da wasu da ke wasu jihohi za su karanta wannan, ya kamata in faɗa musu cewa Amurka ba ɗaya ba ce a wannan batu. Kalifoniya tana ba da tallafin jiha tun dokokin 2011, Illinois da New Jersey da Minnesota da jihar Washington su ma suna bayarwa, Massachusetts ta shigo sahu a 2023. South Carolina da Alabama kuwa sun hana marar takardu shiga jami'ar gwamnati gaba ɗaya, Georgia ta hana shi manyan jami'o'inta. 'Yan'uwanmu 'yan Nijar da ke Greensboro a North Carolina, 'ya'yansu marasa takardu suna iya shiga, amma da kuɗin baƙo. Kuma ƙasa tana motsi a ƙarƙashin ƙafa: a 2025 Florida ta soke rangwamenta, a watan Yunin shekarar kuma dokar Texas mai shekara 24 ta faɗi a rana guda, bayan Ma'aikatar Shari'a ta tarayya ta kai ƙara jihar ta ƙi kare dokarta. An kai ƙarar wasu jihohin ma. Saboda haka in wani ya ce ku koma wata jiha don haya ta fi araha, kada ku ɗaga kafin yarinyar nan ta karɓi shaidar kammalawa. Takardar sakandaren New York ita ce jarinta.

Kin ce tana ƙoƙari ƙwarai. In makinta yana sama sosai, kada ta tsaya kan jami'o'in gwamnati kaɗai. Abin da ke ba iyaye mamaki shi ne jami'ar da ta fi tsada a takarda wani lokaci ita ce mafi araha ga talaka. Harvard da Princeton da Yale da MIT da Amherst da ire-irensu da kuɗinsu suke tallafawa, ba da na gwamnati ba, kuma in sun karɓi ɗalibi suna cike duk abin da iyayensa ba za su iya biya ba, har ɗaki da abinci, ko yana da takardu ko babu. Shigarsu da wuya, ba zan ɓoye miki ba, amma nema ba ya cin komai, domin mai ba da shawara a makarantarsu zai iya sama mata yafiyar kuɗin fom. Suna amfani da wani fom na kuɗi mai suna CSS Profile. Akwai kuma ƙungiyoyi masu zaman kansu: TheDream.US, wadda aka kafa musamman don irin waɗannan yara, tana ba da har dala 33,000 don digiri na farko a kwalejojin da take hulɗa da su, ana buɗe nema a watan Nuwamba. QuestBridge tana haɗa yara masu hazaƙa daga gidajen talakawa da manyan jami'o'i, amma tata ƙofar tun ƙarshen Satumba take rufewa. Akwai Golden Door Scholars, akwai gidauniyar Jack Kent Cooke. Bashin banki kuwa ba na ba da shawararsa. Ban da batun riba da ya dame mu a addinance, sai an sami ɗan ƙasa ko mai katin zama ya tsaya mata, kuma na ga zumunci ya lalace a kan wannan. Gara adashin da kuke yi da matan unguwa, a tsara kwasarki ta faɗo watan Agusta, lokacin da ake komawa makaranta.

Za ki ji ana ambaton DACA. Shugaba Obama ne ya kawo shi a ranar 15 ga Yunin 2012, yana ba waɗanda aka kawo suna yara izinin aiki na shekara biyu-biyu da kariya daga kora. Amma sai wanda yake cikin ƙasar tun 15 ga Yunin 2007. Ku kun zo a 2015, saboda haka bai shafe ta ba, kuma tun hukuncin wata kotun tarayya a Texas a 2021 ma an daina amincewa da sababbin masu nema. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya yi mata DACA, ɗan damfara ne. Dokar da za ta warware matsalar daga tushe, wadda Sanata Dick Durbin da Sanata Orrin Hatch suka fara gabatarwa a 2001, ta wuce Majalisar Wakilai a 2010 ta maƙale a Majalisar Dattawa, har yau ba ta zama doka ba.

Yanzu ga abin da na ce ya fi damuna. A dokar shige da fice, kwanakin da yaro ya yi ba bisa izini ba kafin ya cika 18 ba a ƙirga masa su. Ranar da ya cika 18 ake fara ƙirga. In ya wuce kwana 180 sannan ya fita daga ƙasar, an hana shi dawowa shekara uku. In ya kai shekara guda ya fita, shekara goma. Kin ga ke nan shawarar mahaifinta ba abin da za a ajiye a ce sai an gani ba ce. In za ta koma Gana, akwai bambanci babba tsakanin ta tafi kafin wannan wa'adi da bayansa. Ko ta tafi da wuri ma, samun sabuwar biza ga wadda iyayenta ke zaune a nan ba izini abu ne mai wuyar gaske, don haka a ɗauka tafiyar ba ta dawowa kusa ba ce. Ba na raina tunaninsa. Uba ne da ke tsoron ranar da za a tare 'yarsa a hanya, kuma akwai jami'o'i na ƙwarai a gida, ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah nan a Kumasi. Amma yarinyar da ta bar gida tana shekara bakwai, duk ƙawayenta da karatunta da ƙannenta suna nan, ba kaya ba ce da za a ɗaure a aika. A zauna da ita, a ji ta bakinta, kuma a yi hakan bayan an ga lauya, ba kafin ba.

Lauyan shige da fice nake nufi, na gaske, ba mai shagon cike takardu da sayar da tikitin jirgi ba. CUNY tana da shirin Citizenship Now da ke duba mutane kyauta, akwai kuma ƙungiyoyin agaji na lauyoyi a cikin Bronx. Ku tafi da fasfo ɗin da kuka shigo da shi ko da ya mutu, domin tambarin shigowar nan yana da daraja: wanda ya shigo da biza yana da hanyoyin gyara zama daga cikin ƙasa waɗanda wanda ya tsallako iyaka ba shi da su. Lauya zai duba ko wani a gidan ya taɓa faɗawa hannun masu laifi ya taimaki 'yan sanda, ko akwai dalilin neman mafaka, ko wani ɗan'uwa ya taɓa shigar muku da takarda. Ƙannenta in sun kai 21 za su iya nema wa ku iyaye katin zama, amma wannan ba ya ɗaukar yayarsu kai tsaye, layin 'yan'uwa yana cin shekaru masu yawa. Ga masu riƙon 'ya'yan dangi kuma, abin da ya yawaita a cikinmu: yaron da uwa ko uba ya yi watsi da shi, ko ya wulaƙanta shi, yana da wata hanya ta musamman da ke farawa daga kotun iyali, kuma a New York tana buɗe har ya kai 21 muddin bai yi aure ba. Na ga goggo ta riƙe ɗan ƙaninta shekara takwas, ba ta ji labarin wannan hanya ba sai yana da 22. Rashin sani ya fi dare duhu.

Abu uku ki ja mata kunne a kansu, ki maimaita. Kada ta taɓa cewa ita 'yar ƙasa ce, a baki ko a fom, na makaranta ne ko na aiki ko na lasin tuƙi, kuma in an miƙo mata takardar rajistar zaɓe a makaranta ranar da ake yi wa 'yan aji, ta mayar. Wannan ƙarya guda tana iya rufe mata ƙofar katin zama har abada. Kada ta ari lambar soshiyal ta kowa, ko ta ƙanwarta. Kada kuma a yi mata auren takarda. Laifi ne mai ɗaurin da ya kai shekara biyar, in an gano kuma babu wata takardar da za a ƙara amince mata. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a wannan fage kuwa yaron ne ke faɗawa, ba wanda ya ba da shawarar ba.

Na san tambayar da ke ranki wadda ba ki rubuta ba: in mun ba da sunanmu da adireshinmu, ba mun kai kanmu ba? Akwai dokar tarayya ta 1974, FERPA, da ta hana makaranta sakin bayanan ɗalibi ba da izininsa ba, sai da umarnin kotu da wasu 'yan dalilai. Fom ɗin jiha kuma a hannun jiha yake, ba ya zuwa hannun gwamnatin tarayya. Amma ba zan ce miki babu haɗari ko kaɗan ba. A Janairun 2025 gwamnatin tarayya ta janye ƙa'idar da ke hana jami'an shige da fice kame a makarantu da wuraren ibada, a Afrilun shekarar kuma hukumar haraji ta ƙulla yarjejeniyar musayar wasu bayanai da su. Wannan ma a tambayi lauya, musamman kafin ku cike FAFSA na ƙannenta nan gaba, domin su 'yan ƙasa ne, suna da cikakken haƙƙin tallafin tarayya ko da iyayensu ba su da takardu, sai dai fom ɗin yana neman bayanan iyaye. A nawa ganin, makarantar gwamnati ta riga ta san adireshinku shekara goma, fom ɗin kwalejin birni bai ƙara wani abu mai yawa a kai ba.

Saura maganar bayan digiri, wadda maigida zai tambaya, kuma yana da gaskiya. In ba a sami izinin aiki ba, kamfani ba zai ɗauke ta aiki bisa doka ba ko da ta fito da sakamako mafi kyau. Wasu suna buɗe sana'ar kansu da lambar ITIN. Jihohi irin su Kalifoniya da New Jersey suna ba da lasin sana'a ba tare da duba takardun zama ba. Saboda haka zaɓen fanni yana son natsuwa. In aikin jinya take so, kamar yawancin 'yan matanmu, ta tambayi sashen tun kafin ta shiga ko asibitocin da suke tura ɗalibai koyon aiki suna neman lambar soshiyal, kada ta yi shekara biyu sannan ta ci karo da bango. Fannoni irin su lissafin kuɗi da kwamfuta da injiniyanci suna tafiya da mutum duk inda ya je, Accra ne ko Kanada ko ƙasashen Larabawa. Ɗalibai marasa takardu da ke manyan makarantun Amurka sun haura 400,000, ba ita kaɗai ba ce za ta bi wannan hanya, kuma cikin waɗanda na raka akwai waɗanda takardunsu suka daidaita suna tsakiyar karatu, digirin ya tarar da izinin aiki yana jiransa.

A wannan makon, ki sa ta je wurin mai ba da shawara kan jami'a a makarantarsu ta ce masa tana son neman tallafi ta dokar Peralta. Faɗin haka kaɗai ya isa ya gane halin da take ciki, ba sai ta ba da tarihin gidanku ba. In ta ga bai san dokar ba, ta nemi wani, ko ta je ofishin ɗalibai baƙin haure da ke kwalejojin CUNY. Neman shiga CUNY na zangon kaka ya fi kyau a gama shi kafin 1 ga Fabrairu. Ke kuma ki duba ranar haihuwarta a fasfo, ki ƙirga wata shida bayan ta cika 18, ki rubuta wannan rana a takarda, ki tafi da ita wurin lauya tare da mahaifinta.